Ciwon suga da raguwar ji: abin da bincike ya gano da matakan kare kunne

Duk wanda aka taɓa gaya wa a asibiti cewa yana da ciwon suga, ya san jerin gargaɗin da ke biyo baya: ya kula da idonsa, da ƙodarsa, da zuciyarsa, da ƙafarsa. Ba a cika ambaton kunne ba. Amma binciken likitoci ya nuna cewa raguwar ji ta fi yawa a tsakanin masu ciwon suga, har ta kai kusan ninki biyu idan aka kwatanta da tsaransu marasa ciwon. Matsalar tana shigowa ne sannu a hankali, ba ciwo ba zafi, sau da yawa ma iyali ne ke fara lura kafin mai ita.

Alƙaluman Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya, IDF, na shekarar 2021 sun ce manya miliyan 24 ne ke da ciwon a yankin Afirka, kuma kashi 54 cikin ɗari ba su san suna da shi ba. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS a ƙasashe masu amfani da Faransanci, ta ce sama da mutum biliyan ɗaya da rabi a duniya suna da wata raguwar ji, kuma miliyan 430 daga cikinsu ta kai matakin da suke buƙatar taimako.

Abin da bincike ya nuna

Tun a ƙarni na 19 likitoci suka fara rubuta labarin masu ciwon suga da jinsu ya ragu, amma binciken da ya ja hankalin duniya an wallafa shi ne a 2008 a mujallar Annals of Internal Medicine. Kathleen Bainbridge da abokan aikinta sun duba sakamakon gwajin ji na mutum 5,140 a Amurka, ƴan shekara 20 zuwa 69, waɗanda aka auna tsakanin 1999 da 2004. Wajen jin sauti mai kauri da matsakaici, kashi 21 cikin ɗari na masu ciwon suga ne ke da raguwa, marasa ciwon kuwa kashi 9. Wajen siririn sauti, kashi 54 ne ga masu ciwon, kashi 32 ga marasa shi. Bambancin bai gushe ba ko bayan an yi la'akari da shekaru, da shan taba, da aiki a wurin ƙara. Hatta waɗanda sugansu ya ɗan haura amma bai kai a kira shi ciwo ba, an samu raguwar ji ta fi yawa a cikinsu da kimanin kashi 30 cikin ɗari.

A 2013 masu bincike daga Jami'ar Niigata ta Japan suka tattara bincike 13 da suka ƙunshi mutum sama da 20,000. Su ma sun samu kusan ninki biyu, kuma alaƙar ta fi ƙarfi a tsakanin waɗanda ba su wuce shekara 60 ba. Wannan na nuna cewa ba tsufa kaɗai ke jawo matsalar ba.

Akwai kuma wani bincike na 2018 a kan mutum sama da dubu ɗaya masu nau'in ciwon suga na ɗaya, waɗanda aka daɗe ana bibiyar lafiyarsu a Amurka da Kanada. A dunƙule, jinsu bai bambanta da na matansu ko mazajensu marasa ciwon ba. Sai dai a cikinsu, waɗanda sugansu ya daɗe yana sama sun fi samun raguwar ji. Darasin da ke ciki shi ne, ba dole ne kowane mai ciwon suga ya kurumce ba, kuma yadda mutum ya riƙe sugansa tsawon shekaru yana da tasiri.

Inda suga ke yin ɓarna a kunne

Kunne kashi uku ne. Akwai na waje, wato fatar kunne da ramin da ya kai ga gangar kunne. Akwai na tsakiya, inda ƙananan ƙasusuwa uku ke ɗaukar girgizar gangar su miƙa ta ciki. Sai na can ciki, inda akwai wani ɗan bututu da ya nannaɗe kamar katantanwa, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, cike da ruwa. A cikin wannan katantanwa akwai ƙwayoyin halitta masu ƴan gasu a kansu, kimanin 15,000 a kowane kunne. Su ne ke mayar da girgizar sauti zuwa saƙon da jijiyar ji ke kai wa ƙwaƙwalwa. Idan suka mutu, wasu ba sa tsirowa a madadinsu.

Katantanwar na buƙatar jini ba yankewa, kuma siririyar hanyar jini guda ce ke ciyar da ita, ba ta da ta ko-ta-kwana. Suga mai yawa a jini na kauraɗa bangon ƙananan hanyoyin jini ya ƙuntata su, kamar yadda yake yi a ido da ƙoda. Wani bincike da aka wallafa a 2006 daga Jami'ar Minnesota ya duba ƙasusuwan kunne na mutanen da suka rasu da nau'in ciwon suga na biyu, ya samu bangon hanyoyin jinin katantanwa ya yi kauri, kuma ƙwayoyin masu gashi sun ragu fiye da na marasa ciwon.

Hanya ta biyu ita ce ta jijiyoyin saƙo. Irin lalacewar da ke sa ƙafar mai ciwon suga ta riƙa dindiris ko zafi kamar barkono tana iya shafar jijiyar ji, sai saƙo ya riƙa isa ƙwaƙwalwa a makare ko a hargitse. Mutum zai ji ana magana, amma ya kasa rarrabe kalmomin.

Kunnen ciki ne kuma ke taimaka wa mutum ya tsaya daidai ba tare da tangaɗi ba. Idan wannan sashe ya raunana, ga ƙafa ba ta jin ƙasa sosai, ga ido ya dushe, faɗuwa na zama abu mai sauƙi, musamman da dare ko a banɗaki.

Alamomin da ya kamata a lura da su

Yawanci kunnuwan biyu ne ke raguwa tare, kuma siririn sauti ne ke fara ɓacewa. Baƙaƙe irin su s, sh, ts, f da t duk sirara ne, wasula kuwa suna da kauri. Don haka mutum zai ji muryar sarai, amma "sata" da "fata" su zame masa ɗaya, haka "saki" da "tsaki". Shi ya sa mai wannan matsala kan ce mutane ne ba sa buɗe baki su yi magana. Sauran alamomin sun haɗa da:

- yawan cewa "na'am?" ko "me ka ce?" har mutane su gaji da maimaitawa
- kasa bin hira a kasuwa, a tashar mota ko a gidan biki, alhali a ɗaki shiru ana ji lafiya
- muryar mata da ta yara ta fi wuyar ganewa a kan ta maza
- ƙure ƙarar rediyo ko talabijin har mutanen gida su yi ƙorafi
- wahalar jin magana a waya, ko sauraron saƙon murya sau biyu sau uku
- ƙugi ko shuuu a kunne, musamman idan dare ya yi tsit
- janyewa daga majalisa da taro saboda gajiyar ƙoƙarin saurare

Wannan janyewa ba ƙaramin abu ba ne. Dattijon da ya daina zama da mutane yakan shiga kaɗaici da damuwa, kuma kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa raguwar ji da ciwon suga duka biyu cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon mantuwa a tsufa, waɗanda kuma ake iya magancewa.

Idan likita na magana da wani harshe

Ga Bahaushen da ke zaune a Garwa, ko Njamena, ko Kwatano, ko Abijan, ko zangon Kumasi, akwai ƙarin wahala. Ganin likita yawanci da Faransanci ne, ko Turanci, ko Larabci, ko Fulatanci. A harshen uwa, idan kunne ya tsallake rabin kalma, ƙwaƙwalwa kan cike gurbin da kanta. A harshe na biyu wannan cikewa ta fi wuya, balle a ɗakin da fanka ke juyawa, mutane na hayaniya a bakin ƙofa.

Mai ciwon suga kuwa rayuwarsa cike take da lambobi. A Faransanci "six" da "dix" baƙi ɗaya ne ya raba su, haka "treize" da "seize" suna kama da juna a kunnen da ya raunana. Wanda aka ce ya yi allurar insulin awo shida ya ji goma, sugansa na iya faɗuwa har ya suma. Don haka mai nauyin kunne ya gaya wa likita tun da farko cewa ba ya ji sosai, ya nemi a rubuta masa adadin da lokacin a takarda da lambobi, ya maimaita abin da ya ji da bakinsa kafin ya fita. Tafiya da ɗa ko ƙane mai jin harshen ma tana da amfani.

Abubuwan da ke ƙara haɗarin

Hawan jini da yawan kitse a jini da shan taba duk suna lalata hanyoyin jinin da suga ke lalatawa, kuma sau da yawa suna tafiya tare da shi.

Ƙara mai ƙarfi ita ce babbar abokiyar ɓarnar. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, babba na iya jure desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma a desibel 90 awa huɗu ne kawai, a desibel 100 kuwa minti 20. Mai injin niƙa, da mai walda, da mai yankan katako, da wanda shagonsa ke jikin janareta, da mai zama gaban lasifika a biki, duk suna iya wuce wannan iyaka. Hanya mai sauƙi ta ganewa: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu ɗaya ko biyu daga gare ka ya ji, ƙarar wurin ta yi yawa.

Wasu magunguna ma suna cutar da kunnen ciki. Kan gaba akwai allurai irin su gentamicin, streptomycin, amikacin da kanamycin. Ta ƙoda jiki ke fitar da su, don haka idan suga ya riga ya raunana ƙodar, maganin na daɗewa a jini ya fi yin ɓarna. Ga shi kuma mai ciwon suga ya fi kowa yawan haɗuwa da su, saboda gyambon ƙafa, ko ciwon mafitsara, ko tarin fuka, wanda haɗarinsa ke ninkawa biyu zuwa uku ga masu ciwon. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire kanamycin daga magungunan da take ba da shawarar amfani da su wajen tarin fuka mai bijire wa magani. Kinin na zazzaɓin cizon sauro, da asfirin idan an sha da yawa, da furosemide idan an yi allurarsa da yawa, su ma suna kawo ƙugi ko raguwar ji, kodayake nasu yakan warware idan an daina. Waɗannan magunguna suna ceton rai idan likita ya auna ya bayar. Haɗarin yana wajen sayen allura a hannun mai talla a kasuwa, a yi ta a gida ba gwajin ƙoda. Wanda aka rubuta wa ɗaya daga cikinsu ya fara jin ƙugi ko jiri, ya koma wurin likita a ranar, kada ya yanke shawara shi kaɗai.

Yanayi biyu da ba sa jira

Na farko shi ne ciwon ramin kunne mai cin ƙashi, wanda a takardun Faransanci ake rubuta shi otite externe nécrosante ko maligne. Mafi yawan masu kamuwa da shi tsofaffi ne masu ciwon suga, kuma wata ƙwayar cuta mai suna Pseudomonas ce ta fi haddasa shi. Yana farawa kamar ciwon kunne na yau da kullum, sau da yawa bayan an ji wa ramin rauni da tsinke, sai ya ratsa zuwa ƙashin gindin kai. Alamarsa zafi mai tsanani da ke hana barci da dare, da mugunya da ba ta tsayawa duk da maganin ɗigawa, wani lokaci har baki ya karkace gefe guda. Yana buƙatar magani na makonni a ƙarƙashin kulawar asibiti, kuma sakaci da shi na iya kai wa ga rasa rai.

Na biyu shi ne kurumtar farat ɗaya: mutum ya wayi gari kunne ɗaya ya toshe, ko jinsa ya ɗauke cikin ƙasa da kwana uku. Mutane kan ɗauka datti ne ko sanyi, su tsaya jira. Damar dawowar ji ta fi yawa idan an fara magani cikin kwanakin farko, kuma tana raguwa sosai bayan mako biyu. Maganin da ake bayarwa, wato kotizon da danginsa, yana ɗaga suga ƙwarai, don haka dole likita ya san mutum yana da ciwon. A wasu asibitoci akan yi allurar maganin kai tsaye ta gangar kunne don kauce wa hakan.

Nau'in da ake gada

Akwai wani nau'i da ba shi da yawa, kimanin ɗaya cikin ɗari na masu ciwon suga, inda canji guda a ƙwayar gado ke haifar da ciwon suga da kurumta a tare. An bayyana shi a 1992, kuma ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa: uwa na iya ba ƴaƴanta maza da mata, uba ba ya bayarwa. Masu shi galibi ba su da ƙiba, ciwon kan bayyana kafin shekara 40, kuma raguwar ji kan riga sugan fitowa. Idan a dangin uwa an samu mutane da dama masu matsalolin biyu, a faɗa wa likita, domin akan yi taka-tsantsan wajen ba su metformin. Akwai kuma ciwon Wolfram, wanda ya fi wannan ƙaranci, mai haɗa suga tun yarinta da lalacewar gani da ji. Sai yaro ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka, shi ya sa aka fi ganinsa inda auren zumunci ya yawaita.

Gwaje-gwaje da ma'anar lambobin

Gwajin suga na safe kafin a ci komai, wanda ake rubutawa glycémie à jeun, ma'auninsa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma wannan kan rikita masu tsallaka iyaka. A ƙasashe masu Faransanci akan rubuta 1,26 g/L. Wannan daidai yake da 126 mg/dL, daidai kuma da 7.0 mmol/L da aka fi gani a Ghana. Wanda gwajinsa ya kai haka ko ya wuce har sau biyu, yana da ciwon suga. Gwajin HbA1c kuwa yana nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku. Kashi 6.5 ko sama alamar ciwo ce, kuma ga mafi yawan manya masu ciwon burin shi ne a tsaya kusa da kashi 7. Mai sikila ko ƙarancin jini ya sanar da likita, saboda wannan gwaji na iya ba shi sakamakon da ba daidai ba.

Gwajin ji ana yin sa ne a sashen kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake rubuta ORL a ƙofarsa. Da farko likita zai leƙa kunnen, don wani lokaci datti ne kawai ya toshe shi. Daga nan sai a sa wa mutum abin saurare, a riƙa turo sautuka masu kauri da sirara, yana ɗaga hannu idan ya ji. Ba zafi, kuma bai cika wuce rabin awa ba. Bisa rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, wanda ke jin sautin da bai kai desibel 20 ba jinsa lafiya. Daga 20 zuwa 34 raguwa ce kaɗan, 35 zuwa 49 matsakaiciya, 50 zuwa 64 ta fara tsanani, 65 zuwa 79 mai tsanani, daga 80 kuwa da ƙyar mutum ke jin magana ko an ɗaga murya.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana ba da shawarar a gwada ji da zarar an gano ciwon suga, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara. Samun hakan ba shi da sauƙi a ko'ina: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce kashi 78 cikin ɗari na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da ko likitan kunne ɗaya ga kowane mutum miliyan guda, kuma ƴan kaɗan da ake da su a manyan birane suke. Wanda zai je birni duba ido ko ƙoda, ya haɗa da kunne a tafiya ɗaya. Akwai kuma manhajar hearWHO ta kyauta da hukumar ta fitar a 2019, wadda ke karanto lambobi cikin hayaniya don gwada ji a waya. Ba ta maye gurbin asibiti, amma tana nuna wanda ya kamata ya je. Ranar 3 ga Maris, ranar ji ta duniya, da 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya, lokuta ne da wasu asibitoci da ƙungiyoyi kan yi gwaji kyauta.

Abin da za a iya yi

Jin da ya tafi saboda mutuwar ƙwayoyin katantanwa ba ya dawowa da ƙwaya ko da maganin ɗigawa, na asibiti ko na gargajiya. Abin da ke hannu shi ne kare wanda ya rage. A riƙe suga da hawan jini daidai, a sha magani a kan ƙa'ida, a bar taba. Mai aiki a wurin ƙara ya sa abin toshe kunne na roba ko soso, ya riƙa fita yana hutawa, a kuma nisanta janareta daga wurin zama. Kada a sa tsinken ashana, ko gashin kaza, ko makulli, ko tsinken auduga a ramin kunne, kuma kada a ɗura mai ko ruwan ganye. Ga mai ciwon suga, ɗan ƙwarzane a nan na iya zama babban ciwo.

Idan raguwar ta riga ta samu, na'urar ƙara ji tana taimakawa sosai, muddin an daidaita ta da sakamakon gwajin mai ita. Wadda aka saya a kasuwa ba gwaji tana ƙara komai ne gaba ɗaya, har da hayaniya, kuma tana iya ƙara lahani. Kafin a biya kuɗi a tambayi inda za a samu batir da gyara. A riƙa cire ta da dare, a goge ta, a duba ko ta ji wa fata ciwo.

Iyali ma suna da rawar takawa. A kira sunan mutum kafin a fara magana, a fuskance shi inda haske ke kan fuskar mai magana, a kashe rediyo, a yi magana a natse ba da ihu ba. Idan bai gane ba, a sake faɗa da wasu kalmomin. Idan kuwa maganar ta shafi adadin magani ce ko ranar komawa asibiti, a rubuta ta a manna a inda zai riƙa gani kullum.